Murhu Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Da ƙarfe tara na safiyar Litinin Hancin Birni ya fara nuna hayaƙin Zangon Rafi launi-launi. Tebur ne na gilashi, faɗinsa ya kai tabarma huɗu, an girke shi a hawa na sha takwas na Hukumar Iska. A cikinsa akwai garin kaf an ƙanƙanta shi: titunan sama, jirgin da ke gudu bisa waya, kasuwanni, asibitoci, har kwatamin da ya ratsa Unguwar Maƙera. Hayaƙin motocin haya shuɗi ne. Na janareto rawaya. Na kamfanin batir da ke bayan gari kore, ɗan siriri kamar zare. Na maƙera ja, kuma jan nan ya kwanta a kan rabin gari kamar an yanka sa.

Dakta Asabe Gwadabe ce ta haɗa gwajin. Wata bakwai ta yi tana shirya shi.

Aikin injin ba wani tsafi ba ne. A jikin turakun wutar gari an maƙala wasu ƙananan na'urori dubu tara, mutane suna ce musu 'yan shinshina, kowane minti suna shaƙar iska su aika da labari. Amma ɗan shinshina bai san mai hayaƙi ba. In miya ta yi gishiri harshe zai faɗa maka, ba zai faɗa maka hannun da ya zuba ba. Don haka sai an ba injin rajista: wa ke ƙona me, a ina, awa nawa a rana. Injin ya ɗauki rajistar nan ya haɗa da yadda iska ke kaɗawa, ya lissafa inda hayaƙin kowa zai sauka, sannan ya gwada da abin da 'yan shinshina suka ji. In biyun sun yi daidai, sai a ce rajista ta yi. Ta Zangon Rafi ta yi daidai, har ba a taɓa ganin wadda ta kai ta ba.

Daga nan sai gwajin da ma'aikatan suka sa wa suna rage-mu-gani. Ka zaɓi wuri guda da kake son iskarsa ta gyaru. An zaɓi asibitin yara na gabas, inda a shekarar 2081 gado ɗaya yake ɗaukar yaro biyu masu ciwon ƙirji. Sai ka bi masu hayaƙi ɗaya bayan ɗaya, ka rage wa kowa kashi ɗaya cikin goma a cikin gilashi, ka ga wanda raginsa ya fi sauƙaƙa wa asibitin.

Dakta Asabe ta rage na motoci, lambar asibiti ta ɗan motsa. Ta rage na janareto, haka nan. Ta rage na kamfanin batir, ko gezau. Da ta taɓa na maƙera sai lambar ta faɗo kamar an tunkuɗa ta. Ta kashe jan gaba ɗaya, sai ga sararin gabas fes.

Shugaban hukumar, Alhaji Sodangi, yana tsaye a bayanta. Ya buga tafi ɗaya.

"Shi ke nan. An kama ɓarawo."

"Yallaɓai, gwajin farko ne. Ina so in sake bin rajistar tukuna."

"Ta yi daidai da 'yan shinshina ko ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"Murhu nawa gare su?"

"Ɗari huɗu da sha biyu."

"A tsakiyar gari! Allah ya sawwaƙe. Rubuto min takarda, Alhamis majalisa za ta zauna."

Ran Juma'a takardar ta iso Unguwar Maƙera. An ba su kwana talatin su kashe wuta, bayan nan katafila za ta shigo.

Ilu Baushe shi ne Sarkin Maƙeran unguwar, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, hannunsa duk tabon ƙuna. Sana'arsu zubin tukunya. Su sayi tarkacen alminiyum, su narka a murhun ƙasa da gawayi, su zuba a ramin yashi. Gari ya cika da injin dafa abinci mai magana, amma duk matar da za ta yi tuwon biki sai ta nemi tukunyar unguwar nan. Ilu bai iya karatun boko ba, don haka ya kai takardar teburin Agali, Buzu mai shayi da ke bakin kwatami. Tsakanin Buzu da maƙeri wasa ne tun kaka da kakanni, kuma Agali bai taɓa barin Ilu ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba.

Agali ya karanta, ya sake karantawa, ya fashe da dariya har rawaninsa ya goce.

"Ɗari huɗu da sha biyu! Bawana, ashe kai attajiri ne kake shan shayi ba madara? Ina ka ɓoye su, a ƙarƙashin gadon uwargida?"

"Rufa min baki, ɗan raƙumi. Me suka ce?"

"Sun ce ku ne kuke kashe 'ya'yan mutane. Injin ne ya faɗa."

Ilu ya ajiye kofi. Ya san murhun unguwarsu kamar yadda ya san yatsunsa. Sittin da ɗaya ne. Ya kuma san inda sauran suka fito, don daga bakinsa suka fito.

Shekara biyu da suka wuce ma'aikata biyu sun shigo unguwar da allon hannu, suka ce ana rubuta duk mai murhu. Ba su faɗi dalili ba, ko sun faɗa ba wanda ya saurara. A unguwar nan kowa ya san abu ɗaya: in hukuma ta zo rubuta suna, rabo za a yi. Kowa kuma ya san yadda rabo yake. Shekarar da kwatami ya yi ambaliya, wanda ya ce ɗakinsa goma suka rushe an ba shi kwanon ɗaki biyar, wanda ya faɗi gaskiya ya ce biyu ya tashi hannu rabbana. Ka faɗi goma a ba ka biyar, wannan ita ce ƙa'ida, ba kuma talaka ne ya ƙirƙiro ta ba. Kafin azahar labari ya zagaya cewa murhun lantarki za a raba kyauta. Ilu da kansa ya bi rumfa-rumfa yana cewa, "Kowa ya ninka. Kada wanda ya yi mana sakarci." Jatau, maƙwabcinsa, ya rubuta nasa, ya rubuta na mahaifinsa da ya shekara ashirin a kabari, ya ƙara da na kakansa. Wani ya rubuta wa cikin da matarsa ke ɗauke da shi. Ilu mai murhu biyu ya rubuta sha ɗaya. Kowa ya dangwala yatsa. Aka jira murhun lantarki har aka manta.

"To yanzu fa?" in ji Agali, dariyar ta tafi.

"Zan je in faɗi gaskiya."

"Maƙeri da gaskiya? Ka tafi da ruwa a gora, hanyar ba ka san ta ba."

Ran Litinin Ilu ya sa babbar rigarsa ya hau hawa na sha takwas. Masu gadi sun so su mayar da shi, Dakta Asabe ta ji hayaniya ta fito ta shigar da shi. Ya tsaya a kan gilashin ya daɗe yana kallo. Ya ga rumfarsa, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, tana aman ja.

"Wannan duk namu ne?"

"Naku ne, Baba, bisa ga abin da kuka rubuta."

"To 'yata, abin da muka rubuta ƙarya ne. Sittin da ɗaya ne. Ni na sa su."

Ya ba ta labarin duka, bai rage ba, har da kakan Jatau. Dakta Asabe ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kujera ta riƙe kai.

"Baba, kun san abin da kuka yi? Wata bakwai ina gini a kan takardar nan."

"Mun san mun yi kwaɗayi. Amma ku da kuke da karatu, ba wanda zai tako ya duba? Daga nan zuwa unguwarmu ko gumi ba za ka yi ba."

Ta jawo allo ta goge ɗari huɗu da sha biyu ta sa sittin da ɗaya. Injin ya yi ɗan gunji. Jan ya tsuke ya koma kamar tabon goro. Sai wata fitila ta kama walƙiya a gefen tebur.

"Me ya same shi?" in ji Ilu.

"Yana cewa lissafi bai cika ba. 'Yan shinshina suna jin hayaƙi mai yawa, shi kuma yanzu ba shi da mai shi. Hayaƙin murhu ɗari uku da hamsin da ɗaya yana yawo a gari ba uba."

"To ai sai a nemo ubansa."

Ta bi layin iska da yatsa, daga asibitin yara ta yi yamma. Yatsan ya ratsa kasuwa, ya ratsa Unguwar Maƙera, bai tsaya ba. A bayan unguwar, kan layi ɗaya sak, ga kamfanin batir da ɗan zarensa kore. Ta fara ƙara wa koren. Ninki biyu, fitila na walƙiya. Ninki biyar, tana walƙiya. Da ta kai ninki tara fitilar ta mutu.

Abin da ya faru ke nan. Talaka ya ƙara don yana jiran rabo, mai kamfani ya rage don yana gudun hukunci, kuma Allah ya sa duk biyun suna kan hanyar iska ɗaya. Abin da wannan ya ƙara ya cike gurbin abin da wancan ya rage. Ƙarya biyu suka haɗu suka haifi lissafin da babu kamarsa.

Dakta Asabe ta ja Ilu har ofishin Alhaji Sodangi. Shugaban ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Sannan ya juya ga Ilu.

"Sarki, wannan yatsanka ne a takarda?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka ce sha ɗaya."

"Na ce. Biyu ne."

"Wato ka yi ƙarya lokacin da kake ganin za ka samu. Yanzu kuma da ka ga za ka rasa, ka zo da wata lamba. Kai da kanka, in kai ne a kujerar nan, wacce za ka ɗauka?"

Maganar ta zauna, ba yadda Ilu zai yi da ita.

"Yallaɓai," in ji Dakta Asabe, "a tura mutum ya ƙirga. Rabin yini ne. A kuma sa namu ma'aunin a bututun kamfanin."

"Bututun kamfani yana da ma'auni, da hatimi a kansa. Unguwa kuma in na tura mutum yau, kafin ya isa sun binne rabi. Ni ma ɗan gari ne, Dakta, na san mutanena." Ya miƙe ya je bakin taga. "Kin san me ya sa aka sayi injin nan? Shekara talatin ana zama kan hayaƙin garin nan. Mai mota ya ce janareto ne, mai janareto ya ce shara ce, kowa da ɗan majalisarsa, yara na mutuwa. Aka ce a kawo abin da ba shi da ƙane ba shi da suruki, ya yanke magana. Ya yanke. In na canza lamba yau don wani tsoho ya zo ya rantse, gobe duk gari zai hau benen nan da rantsuwa. Wata mai zuwa baƙi daga birane shida za su zo ganinsa. In ce musu me?"

"Ka ce musu an ba shi ƙarya."

"Ke kika ba shi. Da sa hannunki." Ya dawo ya zauna. "Za a ƙirga, kada ki damu. Ranar rushewa za a ƙirga ɗaya bayan ɗaya."

A cikin lif suna saukowa Ilu ya ce, "'Yata, ai shi ke nan. In sun ƙirga suka ga sittin da ɗaya, gaskiya ta fito, ko da mun rasa rumfunan."

Dakta Asabe ta dube shi, ta kau da kai.

Ranar ta zo. Katafila uku marasa direba suka shigo da hantsi, shirwar hukuma, wato ƙananan jiragen nan masu ido, suna shawagi a sama suna ɗaukar hoto. Maƙera suka tsaya a bakin kwatami da matansu, kowa ya rungumi abin da ya iya fitarwa, wani zugazugi, wani awartaki. Ɗaya daga murhunan Ilu na kakansa ne, ƙasarsa ta gasu har ta koma kamar dutse. Sau biyu katafila ta sara kafin ya fashe. Kafin la'asar an gama. Jami'in da ke kula da aikin ya duba allonsa ya kira Ilu.

"Sittin da ɗaya. Ina sauran?"

"Babu saura. Abin da nake ta faɗa ke nan."

"Takarda ta ce ɗari huɗu da sha biyu. Saura ɗari uku da hamsin da ɗaya. Ka je ka yi tunani."

A hawa na sha takwas aka gyara rajista, aka cire sittin da ɗaya aka bar sauran. Injin ya lissafa ya ce gurɓatar iskar asibitin yara za ta ragu da ɗan kaɗan. Aka jira wata guda. 'Yan shinshina suka kawo labari: ta ragu da ɗan kaɗan ɗin nan, ba ƙari ba ragi. Dole ta yi haka, tunda murhu sittin da ɗaya na gaske aka kashe, hayaƙin sittin da ɗaya kuma ya tafi. Sauran hayaƙin yana nan inda yake, yana fitowa daga inda ya saba fitowa. Amma a takardar da aka kai wa majalisa an rubuta cewa Hancin Birni ya sake cin jarrabawa, ya kuma tabbatar da cewa murhu ɗari uku da hamsin da ɗaya suna ci a ɓoye.

Dakta Asabe ta ƙi sa hannu. Aka mayar da ita sashen auna ruwan sama, wani ya sa.

Shirwa suka dawo unguwar, yanzu da idon da ke ganin zafi ta cikin bango. Duk gidan da aka ga ɗumi a shiga. Aka fasa murhun tuwo, aka fasa na mai ƙosai, aka haƙa tsakar gidan Jatau har aka tarar da ruwa. Ba a samu komai ba. Da ba a samu ba sai aka ce ɓoyon ya yi nisa, aka zo aka tafi da Ilu.

Ba a dake shi ba. Ɗaki ne mai tsabta, da fanka. Kullum da safe jami'i ya shigo ya zauna ya ce, "Sarki, ina sauran?" Ilu ya ce babu. Jami'in ya rubuta ya fita. Haka har kwana arba'in. Rannan jami'in ya ajiye biro ya ce, "Baba, ni ma na gaji. Ka nuna mana ko goma ne, in samu abin da zan kai sama, ka tafi gida. Sauran a bi a hankali."

Ran ziyara Agali ya zo da shayi a flas. Ya ga Ilu ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Bawana, ashe gidan gwamnati ma ba ya sa maƙeri ƙiba."

Ilu ya faɗa masa abin da jami'in ya ce. Agali ya juya kofi a hannu.

"Goma kawai?"

"Goma da babu su. In haifo su?"

"Kai ba maƙeri ba ne? Me kuka iya in ba gina murhu ba?"

"Kada ka soma, Agali. Ƙarya ce ta kawo ni nan."

"Gaskiya kuma ta fitar da kai? Kwana arba'in kana faɗinta. Uwargida tana can ta daina cin abinci."

Ilu bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba. Agali ya ɗauki flas ɗinsa ya tafi wajen Jatau.

A wani tsohon ramin da ake ɗiban ƙasa, bayan gari, Jatau da mutum shida suka kwaɓa laka suka gina murhu goma. Sabon murhu ba ya ruɗin kowa, sai ya yi baƙi, sai ƙasarsa ta gasu. Don haka suka zuba gawayi suka hura, kwana biyar wuta na ci ba tukunya ko ɗaya a kai. Maza bakwai da suka iya zubin da ba ya yoyo suna zaune suna gasa laka, hayaƙi na tashi a banza. Ran na shida aka kai Ilu ya nuna da yatsa. Aka ɗauki hoto, katafila ta bi ta kai. Da yamma Alhaji Sodangi ya fito a allunan titi yana cewa masu shakka su zo su gani, abin da injin ya faɗa ga shi an tono.

Aka saki Ilu bisa sharaɗin kowane wata zai nuna goma. In wata ya wuce bai nuna ba, ɗakin mai fanka yana nan.

Yanzu aikin maƙeran Zangon Rafi ke nan. Su nemi rami, su gina, su gasa, su nuna, a rushe. Tukunya kuwa daga wani gari ake kawowa. Biranen nan shida duk sun yi odar nasu injin. A asibitin yara na gabas an fara ginin sabon ɗaki mai gado tamanin, an ce na wucin gadi ne, kafin a gama tono murhun da suka rage.

Ranar da aka rushe goma na uku Ilu ya biyo ta teburin Agali, laka har gwiwa. Ya zauna. Daga nan ana hango bututun kamfanin batir ta saman filin da rumfunansu suke a da, ba abin da ya tare shi yanzu.

"Saura nawa?" in ji Agali.

"Ɗari uku da ashirin da ɗaya. Wata talatin da biyu, da ɗoriyar guda."

"In kun gama fa? Injin zai ce iska ta gyaru, yara kuma suna tari. Sai su nemi wa?"

Ilu ya kurɓi shayi. Ya dubi tukunyar Agali da ke tafasa a kan gawayi, ya dubi ɗan shinshinan da ke maƙale a turken wuta, daidai saman rumfar.

Agali ya bi idonsa da kallo. Ya nemi abin da zai tsokane shi da shi, bai samu ba. Ya sa hannu ya rage wutar.